Mai Yi wa Akwati Lema

A tashar mota nake kallon ta, doguwar mata mai farar rigar ɗakin gwaji, zufa na bin goshinta. Ƙaramin akwatin da ta rungume take yi wa lema, ita kuwa tana cikin rana. Da gani ta daɗe tana wahala a kansa.

Direban motar da za ta shiga ya leƙo. "Baiwar Allah, jariri ne?"

Ta ƙyalƙyale da dariya. "Ya fi jariri rigima! Tubalan ƙwayoyin halittar gado ne muka haɗa, haske ke kunna su kamar fitila. In suka kunnu a hanya, aikin shekara ya lalace."

Direba ya dubi wani dattijo da ke zaune gefen inuwa a cikin motar. "Kawu, daure ka koma taga, ka bar wa akwati inuwa. Kai rana ba ta kunna ka."