Injin Kogi Na Ɗaura Wa Jirgin Teku

Edita, ina yi maka sallama, kai da masu karatu. Na daɗe ina bin wannan shafi ina ganin mutane suna sauke abin da ya yi musu nauyi, yau dai na ce bari ni ma in sauke nawa ko zan samu zuciyata ta ɗan lafa. Ba zan faɗi sunana ba, ba kuma zan faɗi na kowa ba. Waɗanda suka san zancen za su gane ni, ba komai.

Ni haifaffen Yauri ne, a bakin kogi na buɗe ido. Mahaifina yana da kwale-kwale mai inji da yake ɗaukar 'yan kasuwa zuwa tsallake, ni kuwa tun ban san kaina ba nake cikinsa, warin fetur da ƙarnin kifi su ne turarena. Karatu ya raba ni da gida, daga baya Allah ya kai ni Dubai, na samu aiki a wani kamfanin jigilar kaya a Al Quoz, ina kwana a Al Nahda a gidan da muke haɗa haya. A lokacin saurayi ne ni mai rawar kai, kuma ina da wani ciwo da har yanzu bai bar ni ba: ba na iya zama wuri ɗaya. Rayuwar can kuwa zama ce tsagwaronta. Daga sanyin ɗaki ka shiga sanyin mota, daga nan ka shiga sanyin ofis, ka dawo. Ranar hutu in tashi in zauna, in buɗe firji in rufe, in leƙa taga, in rasa abin da ke damuna. Ga teku kusa da ni, amma sai dai in hange shi ta gilashin mota.

Abokin ɗakina Bakano ne, mutum mai sanyin hali, sana'arsa girkawa da gyaran lif a dogayen benaye. Yini yake a tsaye, hawa da sauka, durƙuso da miƙewa, da ƙafafunsa yake ci, da su yake ciyar da mahaifiyarsa da ƙannensa a gida. Shi ruwan da ya sani bai wuce na bokiti ba. Ni kuwa na cika masa kunne da labarin kogi, ina ƙara gishiri inda ya kama da inda bai kama ba, har ya laƙaba mini Sarkin Ruwa. Da wasa ya fara, amma a hankali ya yarda da gaske cewa in dai zancen ruwa ne, abin da na faɗa shi ke nan. Ni ma, abin kunya, na yarda.

Wata rana wani Bature da muke aiki tare zai bar ƙasar, ya sa ɗan ƙaramin jirginsa a kasuwa. Tsoho ne, irin mai dogon ƙarfe a tsakiya da ake ɗaura wa yadi iska ta tura shi, kuma ba shi da inji. Tun da na gan shi na rasa sukuni. Na hana abokina sakat, safe da yamma zancen ɗaya, sai da ya gaji ya ce to yalla, wato mu je, mu haɗa kuɗi mu saya, ko ya huta da surutuna. Na je na yi ɗan horon da ake yi na karɓi takardar izini, amma gaskiya da rabin kunne na saurara, don ina ganin me za a koya wa ɗan Yauri game da jirgi. Abu ɗaya ya rage, inji. Irin wannan jirgi in ya fita sarari iska ce ke tafiyar da shi, amma wajen fita daga tasha da komawa dole sai da inji, domin mashigar ƙarama ce, kuma an jera tulin manyan duwatsu gefe da gefe don su tare igiyar ruwa.

Abokina mutum ne mai bincike. Ya turo mini abubuwan da ya karanta a waya, cewa irin jirginmu ƙaramin inji yake so, marar nauyi, amma mai doguwar ƙafa, wato wannan sandar da ke sauka cikin ruwa ɗauke da farfela. Na yi masa dariya har da riƙe ciki. Na ce masa ya bar wa masu abu abinsu, ni ban taɓa koya masa gyaran lif ba. A wajenmu, girman inji shi ne girman mai jirgi, kuma gajeriyar ƙafa ake nema saboda kada ta riƙa tonon yashi in ruwa ya ja baya. A cikin kwanakin ne na je wani sito inda wani Alhaji, ɗan kasuwar Kano da muke yi wa jigila, yake loda kwantena da injinan jirgi na hannu zai aika gida. Ina shiga idona ya faɗa kan wani, sak irin na mahaifina, har launin murfin. Alhaji ya ce in ɗauka, irinsa ne mutanenmu na bakin kogi ke rububi a kai, kuma bai yi ƙarya ba. Bai tambaye ni wane jirgi zan ɗaura wa ba, ni ma ban faɗa ba.

Da muka ɗaura shi, bayan jirgin ya ɗan zauna saboda nauyi, farfelar kuwa da kyar ta nutse. Abokina ya leƙa ya tambaye ni a hankali ko ba ta yi sama da yawa ba. Na ja igiya injin ya tashi da ruri, muka zagaya cikin tasha inda ruwa ke kwance lumui, jirgin yana tsaga shi yadda ake so. Na dube shi na tambaye shi ko akwai sauran magana, ya ɗaga hannu ya ce babu, Sarkin Ruwa ya gama magana. Mun fita sau da dama bayan nan, duk ranakun da teku ke kwance, ba abin da ya faru. Kowace fita tana ƙara kumbura mini kai.

Ranar da abin ya faru Asabar ce, lokacin sanyi. An yi ta faɗa cewa iska za ta taso da yamma, abokina ma ya ce mu haƙura sai wani mako. Ni kuwa tun safe ƙafata ke ƙaiƙayi. Na ce za mu fita mu dawo kafin ta iso, na yi ta yi masa tsiya cewa Bakano da tsoro, har ya tashi ya sa takalmi. Mun yi nisa kaɗan sai ga ta, tun kafin lokacin da na ƙiyasta. Ruwan ya sauya launi, ya fara tudu da kwari. Na sauke yadin da kyar, na tayar da inji, na juya kan jirgin zuwa mashiga. A nan na ga abin da ban taɓa gani a kogi ba. Duk lokacin da igiyar ruwa ta ɗaga bayan jirgin, sai farfelar ta fito fili tana juyawa a iska, injin ya ƙwalla ƙara kamar zai tarwatse, sannan ta faɗa ruwa ta ɗan kama, kafin mu matsa ta sake fitowa. Ga ƙarfi har ya yi yawa, amma ba ya taɓa ruwa. Jirgin ya daina jin magana, iska kuwa tana tura mu a karkace, kai tsaye zuwa duwatsun nan.

Na ce mu koma baya mu duka mu danne shi don farfelar ta nutse, yadda ake yi a kwale-kwale. Muka koma, sai ruwa ya fara zubowa ta bayan jirgin, wanda nauyin inji ya riga ya danne. Duwatsun suna ta matsowa, har ina ganin gansakukar da ke jikinsu. A gida in jirgi zai bugi gaɓa, mutum ɗaya ne ke zuwa gaba ya tokare da gora, in babu gora ya sa ƙafa, don gaɓarmu laka ce da yashi. Bakina ya riga tunanina. Na daka masa tsawa ya je gaba ya tokare dutsen da ƙafa. Edita, wannan bawan Allah bai yi mini musu ba. Mutumin da bai iya iyo ba, ya rarrafa ya je, ya zauna a baki, ya miƙa ƙafarsa ta dama, don Sarkin Ruwa ne ya ce. Igiyar da ta biyo baya ta ɗauki jirgin gaba ɗaya ta maka a kan dutsen, ƙafarsa tana tsakani. Ban ji ihunsa ba, salati kawai na ji. Na saki injin na jawo abokina ciki, na rungume shi, jirgin yana ta bugun duwatsu. Wasu masu kamun kifi da ke kan duwatsun ne suka kira jami'an ceto, su suka fitar da mu.

An yi masa aiki ba sau ɗaya ba, aka sa ƙarafa, aka ceto ƙafar, amma gwiwar ta daina lanƙwasa. Kamfaninsu sun yi haƙuri iya nasu, sai dai mai gyaran lif da ba ya durƙuso ba ya hawa, ba abin da zai yi musu. Aiki ya ƙare, biza ta bi shi, ya tattara ya koma Kano. Duk tsawon jinyar ina zaryar asibiti, in shiga in fita, in kasa zama a kujerar da ke gefen gadonsa. Jira nake ya zage ni, ko ya juya mini baya, ko ya ce ai ya faɗa mini. Ko sau ɗaya bai faɗa ba. In na buɗe baki zan ba shi haƙuri sai ya ce kalas, shi ke nan, ƙaddara ce, in bar maganar. Wannan shirun ya fi mini duka ciwo. Jirgin ya tashi daga aiki. Injin kuwa lafiyarsa lau, na mayar wa Alhaji ya sa a kwantena, ƙila yanzu haka yana can yana ɗaukar 'yan kasuwa ba tare da ya cuci kowa ba.

Da na samu hutu na je gaishe shi. Mahaifiyarsa ta fito ta yi ta sa mini albarka, tana cewa ɗanta ya gaya mata yadda na tsaya a kansa, ba don ni ba da ba ta san yadda za a yi ba. A nan na gane cewa ce musu ya yi wai santsi ne ya kwashe shi a bakin teku. Na sunkuyar da kai ina amin, ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige. Da aka kira la'asar muka tafi masallacin unguwa, yana jan ƙafa ina rage sauri. Muna shiga ya wuce ƙarshen sahu inda aka ajiye kujerun roba, ya zauna tsakanin tsofaffi biyu masu furfura. Na tsaya a gefensa. Liman ya yi kabbara, na yi sujada, shi kuwa ya ɗan sunkuyar da kai daga zaune. Saurayi ne sa'ana, kuma goshinsa ba zai ƙara taɓa ƙasa yadda ya saba ba. Ban san me na karanta a sallar nan ba, hawaye ne kawai ke jiƙa tabarma.

Na yarda da ƙaddara, amma na san ta hannun wa ta biyo. Abin da na sani game da kogi gaskiya ne, kuskurena shi ne na ɗauka duk ruwa ɗaya ne, na zaɓi inji da kewar gida maimakon in auna jirgin da ke gabana da ruwan da zai shiga. Don haka 'yan'uwana da ke zaune a ƙasashen mutane, duk wanda zai sayi inji ya auna tsayin bayan jirginsa, ya tambayi waɗanda suka san wannan ruwan, kada girma ko ruri ya ruɗe shi. In an ce iska na tafe, ya zauna a gida ko da zaman zai kashe shi. Fiye da komai, in ka samu wanda ya yarda da kai har ba ya yi maka musu, ka ji tsoron Allah kafin ka ce masa ka sani. Ni na faɗa da cika baki, kuma ba ni nake salla a kan kujera ba.