Uban Ɓeraye da Jan Bokiti

Shekara talatin, kafin in jiƙa tsummana ya riga ya iso. Mu masu shara a ɗakin bincike, Uban Ɓeraye muke ce masa. Bai san zama ba. Ya cika ƙaton baho da ruwa, ya zuba madara har ya yi fari fat, ya saki ɓera ciki, agogo a hannu. Akwai ɗan tudu ɓoye a ruwan, wai a ga ko ɓera zai tuna inda yake. In ya fito, ya goge shi da tawul. Ni na haifi bakwai, ba wanda ya taɓa goge ni da tawul.

Ran nan na ɗauke wani jan bokiti da ya daɗe a lungu yana tsone mini ido. Washegari ɓeraye suka yi ta gewaye kamar baƙo a kasuwa. Babbar likita ta ɗora hannu a ka, aikin wata uku zai lalace. Shi ko ya kai ya kawo, can ya tsugunna, ya daidaita idonsa da bakin baho.

"Iya, ina bokitin nan?"

"Na wanke. Tsafta ta zama laifi?"

"Da shi suke gane hanya."

"To, ai ba su gaya mini ba."

Ya mayar da shi, bai kai ƙarata ba.

Bara ciwon mantuwa ya kama maigidana, ya fara ɓata a cikin gidansa. Ya nufi banɗaki ya ɓulla kicin. Hankalina ya tashi, yau in ja gado nan, gobe kujera can, wai sauƙaƙa masa nake. Uban Ɓeraye ya zo dubiya, na ba shi wuri ya ƙi zama, sai leƙe-leƙe.

"Iya, kin sake ɗauke bokitin."

Muka mayar da komai mazauninsa na da, ya shafa wa ƙofar banɗaki jan fenti.

Uban Ɓeraye, kai ne mai tsugunna wa ɓera. Ba ka warkar da tsohon ba, ba ka kuma yi mini ƙaryar za ka iya ba. Ko ni wani lokaci sai ya tambaye ni 'yar gidan waye. Jiya ka ajiye aiki, na tausaya wa matarka, don kujera ba za ta gan ka ba. Na gode, Allah ya saka. Ku masu farar riga da ya bari, ku koyi tsugunno.

Bari in tashi, na ji motsin tsohon. A'a, gara in bar shi. Ga shi can ya kama jar ƙofa da kansa.