Yadda Na Sabunta Bindigar Surukina

Shekarun baya ne, lokacin ina sabon ango, ina kuma ganin duk wani ƙarfe da ke garin Gaya ni na san asirinsa. Shagon kayan babur gare ni a bakin kasuwa, kuma baki gare ni, wannan kowa ya shaida. Matata 'yar wani ƙauye ce a ƙasar Tanda. Mahaifinta manomi ne kuma maharbi. In dawa ta fara nuna, gadu da birai suka fito ɓarna, shi duk mutanen ƙauyen suke kallo, don shi kaɗai ke da bindiga a wurin.

Damuwata a lokacin guda ce, in samu shiga a idon dattijon nan. Mijin yayar matata ƙato ne, manomi na gaske, duk damina sai ya kwaso abokansa su yi wa tsoho gayya, kafin rana ta take sun tashi gona. Ni sau ɗaya na bi su. Ban yi nisa ba tafin hannuna ya ɗuri ruwa, aka zaunar da ni a gindin itace wai in yi gadin fura. Matan gidan sun daɗe suna dariyar wannan gadi nawa.

Ga shi ba damar in wanke kaina da baki, don a can suruki ba ya hira da suruki. Tun daga nesa zan tuɓe takalmi in durƙusa, in gaishe shi kaina a ƙasa, ya amsa yana kallon wani wuri. Ba musafaha, ba zama a tabarma ɗaya. In yana da magana da ni, babban ɗansa zai faɗa wa, wato yayan matata, ko da kuwa ina durƙushe a gabansa ina ji.

Wata rana matata ta dawo daga ganin gida take ce mini bindigar Baba ta fara ba shi wahala. Ƙarfen da ke buga wuta ya yi sanyi, sai ya ja kunama ta ƙi tashi, kafin ya sake ɗanawa gadu ya shige daji. Na taɓa ganin bindigar a jingine. Gadon mahaifinsa ce, irin ta ɗuri. Gindinta ya tsage an naɗe shi da fata da waya, bututun baƙi ƙirin, ba ta da kyan gani ko kaɗan. Ina jin maganar na ce a raina, to ga tawa gayyar ta samu.

Na ce a kawo ta Gaya in sa a gyara. Matata ta faɗa wa mahaifiyarta, ita kuma ta kai masa. Daga baya na ji cewa da farko ya ce a bar ta, maƙerin ƙauyensu zai duba in ya samu sarari. Surukuwata ce ta matsa masa, ta ce yaro ya nemi ya yi abin arziki, a hana shi? Ranar kasuwa sai ga yayan matata da ita a naɗe cikin tabarma. Da zai tafi ya ce mini, "Baba ya ce ƙarhen nan guda ɗai ka da matsala, sauran lahiya lau suke." Na ce kada ya damu, ta zo hannu.

Abokina ne ya kai ni wurin wani mai sudur, irin masu liƙa ƙofofi da tagogin ƙarfe, ya ce yana taɓa aikin bindiga a bayan shago. Mutumin ya warware tabarmar, ya daɗe yana shafa bututun nan, ya ƙwanƙwasa shi da ƙusa ya saurara. Sannan ya girgiza kai ya ce, "Maigida, wagga ai ta gaji. Mutum kamarka ba ya kai ma suruki faci. Bari in sake ta gaba ɗai, wanda duk ya gan ta sai ya tambayi wa ya yi."

Maganar nan ta ƙarshe ita ta kashe ni. Saƙon da aka ba ni ya bi iska, na ce ya yi duk abin da ya ga ya dace. Da na dawo karɓa na tarar da abu sai ka ce daga kanti aka ɗauko. Sabon bututu fari tas yana ƙyalli, sabon gindi ya sha fenti, har da 'yar igiyar ratayawa. Ya tambaye ni tsohon bututun fa, ko zan tafi da shi? Na ce me zan yi da tsohon ƙarfe, ya jefa a tarkacensa. Ya yi ta godiya, na ɗauka ladabi ne kawai.

Da kaina na kai ta, kuma na zaɓi ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, lokacin da dattawa ke zaune a ƙofar gidan surukina. Na durƙusa a inda na saba, yayan matata ya miƙa masa. Tsoho ya karɓa, ya ɗaga ta a tafin hannu yana jin nauyinta. Ya juya bakin ya leƙa ciki. Ya sa ɗan yatsa ya shafa. Ni kuwa ina can ina cewa daɗi ne ya cika shi. Can ya ce wa ɗansa, "Tambaye shi, na da ɗin hwa?" Na ce ai an yar da shi, ya tsufa. Ya gyaɗa kai ya ce, "To. Ka ce mai Allah shi yi albarka." Ranar na koma Gaya ina tuƙa babur ina waƙa.

Kakar shekarar ta zo, sai na ji gadu sun yi wa mutanen ƙauyen ɓarna sosai, kuma Baba bai fita ba. Na tambaya aka ce idonsa ne ya fara rauni. Sai na tafi farmasi na sayo maganin ɗigawa a ido na aika, har da bayanin yadda ake sa shi. Aka aiko mini da godiya.

Ni kuwa ban bar labarin bindigar nan ya huta ba. A majalisarmu na ba da shi, a shago na ba da shi. Duk mutumin ƙauyen da ya shigo sayen taya ko sarƙa sai na tambaye shi, "Ya bindigar Baba?" Ya ce, "Tana nan lahiya lau." In ce ai ni na sa aka sabunta ta, ya ce ai sun sani. Akwai ranar da na ce wa mijin yayar matata noma kam nasa ne, amma ƙarfe a bar wa masu shi. Bawan Allah nan ya dubi ƙasa kawai.

A haka har matata ta tafi gida haihuwar fari, muka je suna. Cikin baƙi akwai kakanta na wajen uwa, wani tsohon maharbi daga Bengou, wanda ba ya kirana da komai sai ɓarawon matarsa. Tsakanina da shi ba kunya, wasa ne zalla. Ya zo da tasa bindigar, ya harba sama bayan an raɗa suna, mata suka yi guɗa. Ban ma tsaya na tambayi kaina me ya sa ba surukina ne ya harba ba. Abin da na gani kawai shi ne bindigar tsohon ta fi ta Baba ta da muni.

Maza suna zaune ana rabon goro, surukina yana can gefe da hannunsa cikin riga. Na ɗaga murya yadda kowa zai ji na ce, "Kaka, wannan tsohuwar taka ai ta isa hutu. Ba ni ita in kai Gaya a sabunta maka kamar ta Baba."

Tsoho ya rungume bindigarsa ya ce, "Kai ɓarawo, ka ɗauke mini mata, yanzu kuma yatsuna kaka so? Ni da su cikakku nika son shiga kabari."

Na yi dariya, amma ni kaɗai na yi. Wani ya ce, "Haba tsoho." Kakan ya dubi fuskokin mutane, ya dube ni, ya ce, "Au, wai har yanzu ba ku gaya mai ba?"

Yayan matata ya kama hannuna ya ja ni bayan rumbu. Ya zaro tabarmar nan daga ƙarƙashi ya warware. Bututun ya tsage tun daga gindi, wajen da albarushi ke zama, ya buɗe a miƙe kamar an tsaga kara. Ya nuna mini wani layi a ciki. Bututun ruwan famfo ne, irin wanda ake naɗe ƙarfe a liƙe, aka goge shi ya yi ƙyalli. Na da ɗin kuwa ƙarfe ne guda da aka huda, ba haɗi a jikinsa, shi ya sa ya yi wa mahaifin Baba aiki ya kuma yi wa Baba. Ni da nake sayar da ƙarfe kullum, ban ko leƙa ciki ba.

Na ce amma Baba ya leƙa, ya gani, me ya sa ya harba? Ya ce ranar gwaji kakan nan yana wurin, ya ce a ɗaure ta a itace a ja da igiya daga nesa. Mutane sun taru kallo. Baba ya ce ba za a ce ya ji tsoron kyautar mijin ɗiyarsa ba a gaban jama'a. Ya rage albarushi, ya yi bisimilla, ya harba da hannunsa. Babban yatsansa na dama da manuni ba su sake lanƙwasuwa ba. Tun kafin a kai shi likita ya tara gida ya ce duk wanda ya faɗa mini bai yafe ba. Na ce har matata? Ya ce ita ce ma take wanke masa ciwon in ta zo.

Ban san lokacin da na nufi ɗakin Baba ba, don ya riga ya tashi daga wurin taron. Ban jira an yi mini iso ba, na faɗa ciki. Na same shi zaune shi kaɗai, ga akushin tuwo a gabansa, yana ci da cokali. Ya saƙale shi tsakanin yatsun da suka rage, yana kai wa baki da ƙyar. Dattijon da a da akushinsa ke fita ƙofar gida maza su kewaye shi, ya koma ci a ɗaki don ba ya iya yin loma. Yana ganina ya ja faifai ya rufe.

Na zube a ƙasa. Duk bakin nan nawa, sai ga ni ina hawaye. Yayan matata ya shigo a bayana. Tsoho ya dubi bango ya ce masa, "Ka ce mai shi tashi, yau ranar murna ce. Ka ce mai da zuciya ɗai ya yi, na sani. Shi tahi wajen baƙinai."

Washegari na je wurin mai sudur neman tsohon bututun. Ya ce ai tuni wani maharbi daga ƙetaren kogi, ta wajen Benin, ya karɓe shi, bai ma san sunansa ba. Ban yi masa faɗa ba, tunda ni da bakina na ce ya jefar. Na sa an ƙera wa Baba wata bindigar a wurin maƙerin da ya so tun farko, amma babban ɗansa ne yake fita da ita. Shi bai sake harbi ba har Allah ya karɓi abinsa.

Yau in mutum ya kawo mini abu ya ce guri ɗaya ne ya lalace, gurin nan kaɗai nake taɓawa, kuma ba na sayar da ƙarfen da ban juya na duba cikinsa ba. Amma wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ke ƙona ni shi ne watannin nan da na yi ina yawo ina yabon kaina, ƙauye guda yana amsa mini da lafiya lau saboda dattijo ɗaya ya ce a rufa mini asiri. Shigar da nake ta nema a wurinsa ashe na same ta, har ya ba da yatsunsa a kanta, ni ina can ina aika masa maganin ido. Yarana suna mamakin yadda ko shinkafa da hannu nake ci. Ban taɓa faɗa musu ba, amma tun ranar sunan nan in na ɗauki cokali abincin ba ya wuce mini wuya.