Rejim ɗin Inna Kulu

Kowa a Buza ya san Inna Kulu ba ta amsa gaisuwa sai ta matsa damtsen mutum. Ka durƙusa kana "ina kwana, Inna", ita kuwa yatsunta suna cikin hannunka suna awo. Ni Sani tela, ɗan ƙanwarta, na fi kowa shan wannan awo, don kullum hukuncina ɗaya ne.

"Wanga damtse ko muciya? Wa ka ba ka abinci?"

Ita dai Allah ya ba ta jiki, kuma tana alfahari da shi. Ni ke yi mata ɗinki, na san zanen da ba ya zagaye ta. Ta raba duniya bisa ƙiba. Fulani, in ji ta, bin shanu ya tsotse su. Buzaye kuma mazan shayi ya busar da su, matan suna zaune a tanti madara tana gina su. "Mu Adarawa mu ad da hankali," in ji ta, "mu ci tuwo mu zamna." Wadda ta fi shan tsokana ita ce Dije, Bafillatanar da ke kawo mata nono daga wata ruga ta hanyar Allakaye.

"Dije, riƙe ƙyaure, iska na tahe."

"Ke dai ba ya ɗaukar ki, Kaɗo, ko da jakkai ya zo."

Shekarar da ƴaƴanta suka biya mata kujerar Makka, gwiwoyi suka ƙi, ga ƙishirwa ba dare ba rana. Na raka ta asibiti a Madawa. Majo, babban ma'aikacin jinya, ya duba takarda ya ce sukari ne da tansiyo, wato hawan jini. Ya ce in ta tafi a haka, a keke za a tura ta wajen ɗawafi.

Inna ta dubi gwiwoyinta, ta dubi Majo. Tausayinta ya kama ni.

"Ni a tura ni kamar buhun albasa gaban ɗakin Allah? Mi a' magani?"

"Sai ki yi rejim, Inna."

Shi yana nufin ƙa'idar cin abinci. Ita kuwa rejim ɗaya ta sani, wanda take ji a rediyo in gwamnati ta sauya. Ta gyara zama.

"Mulki za ni yi? To, wa za mu kayas?"

Majo ya yi dariya har da hawaye, ya ce sukari da mai da shinkafa. Muna isa gida ta tara surukai a bakin murhu ta sanar da juyin mulki. An tsige sukari daga fura. Galan ɗin mai ya shiga kurkuku a ƙarƙashin gadonta. Shinkafa an kore ta gidan maƙwabta. Zogale ya zama minista, albasa mataimakiyarsa. Wata suruka ta tambaya ko za a yi zaɓe.

"Za a yi, in na komo daga Makka."

Saura tafiya a ƙasa, wadda Majo ya ce dole ce. Nan girman kai ya tashi, don a duk Buza ba wanda ya san tafiya kamar Dije. Inna ba za ta iya roƙon ta ba. Sai ta ce wai tana zargin ana zuba wa nonon da Dije ke kawo mata ruwa a hanya, don haka za ta riƙa bin ta ruga ta gani da idonta.

Ranar farko a amalanken jaki aka dawo da ita, tana zaune bisa kara tana gaishe da mutane kamar matar gwamna. Na ce, "Inna, an kifar da rejim ke nan?"

"Rangadi ni kai, ɗan nema."

Washegari ta sake fita. Dije a gaba da ƙwarya a ka, Inna a baya tana haki cikin duwatsu, suna zagin kakannin juna. Wata bayan wata. Ta koyi shan nono tsagwaronsa, ta ce Fulani ba su da komai sai wayo. Sau uku ina rage mata riguna, kuma kowane karo sai ta ce tun farko ni ne ban iya awo ba.

Daga Makka ta kira ni a waya, muryarta a dishe.

"Sani, ɗakin Allah zagaye bakwai cur, da ƙahwata. Sahwa da Marwa ma da ƙahwata. Kuma ka hwaɗa ma Dije, zagaye na shidda na wuce Hillani biyu."

Na je har ruga na isar da saƙo. Dije ta ce ai tsofaffi ne ta wuce, sannan ta juya baya ta share ido da gefen zane.

Inna ta ƙara shekaru masu albarka tana taka hanyar nan kafin ta rasu, zaɓen kuwa ba a taɓa yin sa ba. Wallahi ina kewar ta. Allah, kai ka ba ta ikon zagaya ɗakinka da ƙafarta. Ka yafe mata, ka haskaka kabarinta, ka sa ta ƙetare siraɗi da wannan ƙafar ba tare da tuntuɓe ba. Amin.