Jan Haske a Madubin Maharbi

Ban san sunansa ba, amma duk wanda ya ga layun da aka ɗinke a rigarsa ya san maharbi ne. Yana tsugune gaban rumfar Mu'azzam mai kayan gwanjo a tsohuwar kasuwar Gombe, ƙafafunsa duk faso, yana jujjuya madubin hange irin wanda ake ɗaura wa bindiga. Hausarsa ta mutanen Borno ce, kuma ina jin rikici ne ya raba shi da dajin da ya sani.

Mu'azzam ya murɗa wani ɗan maɓalli, layukan saitin da ke cikin madubin suka yi ja.

"Baba, da wannan ko magariba ta yi saitinka ba zai ɓace maka ba. Batir kawai yake ci."

Tsohon ya kafa madubin a idonsa na dama, ya riƙe numfashi, yatsansa na laluben kunamar bindigar da babu ita. Ya juya wajen tattabarun da ke kan rufin kwanon da ke kallonmu. Sai yanzu na lura da farar yanar da ta rufe masa ƙwayar ido.

Ya daɗe a haka, har surutun Mu'azzam ya fara ba ni haushi.

"Ɗana, jan nan na gan shi sarai," in ji tsohon, yana goge madubin da bakin rigarsa kafin ya mayar. "Tsuntsun ne ban gani ba."

Tattabarun suna nan, ko motsi ba su yi ba.