Malamin da Ya Koya wa Yaranmu Musu

Lafaele ɗan ƙauyenmu ne a tsibirin Savai'i, a gabana aka yanke masa cibi. Tun yana ƙarami kome aka ce masa sai ya ce to, shi ya sa ban taɓa sakin jiki da shi ba. Ya je birnin Apia ya yi karatun malanta, ya dawo makarantar garinmu. Bai samu sarautar gidansu ba, bai kuma nuna yana so ba. Wannan ma ban yarda da shi ba.

Abin da ya fi ƙauna shi ne muhawara. In an tashi makaranta sai ya tara yara, kowa ya zaro tsinken kwakwa daga hannunsa. Mai dogo ya goyi bayan magana, mai gajere ya soke ta, ko ransa bai so ba.

Rannan jikata Siniva tana kankare gwaza, na ji tana yi wa bishiyar ayaba jawabi. Wai a daina buga tukunyar gas ta yamma, wadda in ta yi ƙara kowa zai zauna inda yake har a gama addu'a.

Na ce, "Ke, wa ya sa miki wannan a baki?"

"Gajeren tsinke na zara, Kaka."

"Da dogo kika zara fa?"

"Da sai in ce a riƙa bugawa har da safe."

"Wato bakin naki na haya ne."

Ba ni kaɗai ke da kunne ba. Kafin Lahadi gari ya ɗauka malam yana so a soke addu'ar yamma, wasu suka ce wani ɗan takara ne ya saye shi. Matai, shugabannin gidaje, suka kira zama. Abin da ake faɗa shi ne za a kore shi daga gari, shi da tsohuwarsa da ko tafiya ba ta iya yi.

Marar sarauta ba ya buɗe baki a zaman matai. Sai ga mai koyar da magana zaune a waje kan duwatsu, kai a sunkuye. Wanda zai yi magana a madadinsa kawunsa ne Mareko, mutumin da aikinsa gyangyaɗi a coci. Muna bayan zauren taron muna haɗa abinci, matar fasto ta ce, "Su fara ɗaure kaya kawai."

Mareko ya gyara zama, ya fara da sukar ɗan 'yar'uwarsa. Ya jero laifuffukansa tsaf, har da waɗanda masu ƙara ba su tuna ba, bai bar musu abin ƙarawa ba. Sannan ya bi su yana warwarewa. Daga ƙarshe ya ce, "Ranku ya daɗe, mu nan kafin kowane babban jawabi ba sai mun yi jayayya kan wanda zai yi shi ba? Mu ɗaga murya, mu haɗa gumi, alhali tun jiya mun san ko wane ne. Maƙaryata ne mu, ko kaifin baki muke wasawa? Abin da yaran ke yi ke nan."

Wani dattijo ya ce, "Mareko, yau ka yi barci a gida ke nan." Aka yi dariya, kuma dattawa ba sa korar mutum suna dariya.

Ni dai ba Mareko nake kallo ba. Na ga leɓen Lafaele yana motsi, kowace kalma tana riga ta kawunsa fitowa.

Aka ci Lafaele tarar gwaza da tabarmi, aka ce kada yara su ƙara taɓa zancen addu'a. Ya zauna a gari, tsohuwarsa ta mutu a gidanta, har yau yana koyarwa, furfura ta cika masa kai. Mareko kuwa ya yi suna, ba a yanke magana sai an ji ta bakinsa. In ya gyara murya kowa shi yake kallo. Ni sai in leƙa waje in ga wa ke zaune kan duwatsu.