Kukan da Manga Bai Ji Ba

A unguwar Yelwa, in motarka ta fara wani kuka da ba ka gane ba, ba gareji ake fara tura ka ba. Gidan Manga ake tura ka, mai bishiyar mangwaro a ƙofa. Manga ba bakanike ba ne, in ka kira shi haka ma sai ku ɓata. Direba ne. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana jan motar wata ma'aikatar gwamnati, gilashin gefensa a sauke rani da damina, gwiwar hannu a waje. Abin da ya fito da shi daga aikin, ban da ciwon baya da wata tsohuwar jif da ya saya a gwanjo, shi ne kunne.

Zai shiga motarka ya ce ka ja, ya rufe ido, kafin ku kai Mayo Gwoi ya ce, "Shokozoba na baya, na dama." Ka je gareji ka tarar haka ne. Ba ya karɓar ko sisi. Ladansa shi ne a ce a gaban mutane, "Manga akwai kunne." Mutum ne mai sauƙin kai a komai, amma a wannan magana ɗaya ya fi ɗan sarki ji da kai. Dokarsa guda ce, ba a canza ƙarfen da bai yi kuka ba.

Ƙorafinsa a 'yan shekarun nan shi ne duniya ta rage murya. Lasifikar masallacin unguwa ta yi rauni, rediyoyin yanzu ba su da sauti, jikokinsa kuma magana suke yi ƙasa-ƙasa kamar marasa gaskiya. Matarsa Asta ba ta taɓa musa masa ba. In za ta kawo abinci dai sai ta zagayo ta zauna a damansa, shi kuwa bai taɓa tambayar dalili ba.

Bayan damina jif ɗinsa ta fara ƙwanƙwasa a gaba duk ramin da ta faɗa. Zagaye ɗaya ya yi ya yanke hukunci: lowa-am na dama, wato ƙarfen da ke riƙe ƙafar mota, robobin bushin ɗinsa sun mutu. Mai shagon kayan mota ya ƙi raba masa, ya ce biyu ake sayarwa kuma biyu ake canzawa. Manga ya karɓi biyun yana tsaki, ya jefa na hagu ƙarƙashin gado da kwalinsa.

Ranar Asabar ya shimfiɗa buhu a gindin mangwaro, ya ɗaga motar da jak, ya tokare ta da kututture, ya cire taya. Notunan sun ci tsatsa, sai da ya jiƙa su da baƙin mai, ya zura sifana cikin dogon bututu ya taka da ƙafa kafin suka yarda. Robar da ya fitar ta tsattsage kamar faso. Ya ɗaga ta sama ya nuna wa duk wanda ya wuce. Ya sa sabon ƙarfen, bai matse notunan ba sai da ya sauke motar ta zauna da nauyinta, don haka ake yi.

Washegari ya ɗauki Asta za su je gaisuwa Lau. Motar tana tafiya shiru, Manga yana neman ramuka da gangan yana faɗawa.

"Kin ji?" in ji shi.

"Na ji, Malam. Kukan yana nan yana yi."

Ya dube ta ko wasa take yi. Asta ba ta wasa da safe. Ya sake faɗawa wani rami, ya kasa kunne, bai ji komai ba. Ya ce kwanukan tsarabarta ne, ta ɗauko kwanukan ta rungume a cinya. Suka faɗa rami na gaba, ta ce yana nan.

Kwana uku Manga bai gane kansa ba. Ya sake kwance ƙafar dama ya mayar. Ya zargi mai shago da sayar masa da jabu, ya dawo ya duba ƙarfen ya ga lafiyayye ne. Ya cire tayar safaya, ya ɗaure salansa da waya, ya kwashe duk tarkacen bayan motar. Ta yaya za a gyara kukan da babu shi? In kuma akwai shi, ina yake? Har ya fara tunanin ko kunnen Asta ne ya sami matsala, ya ji tausayinta ya kama shi.

Rana ta huɗu ya kira Rufus, tsohon abokin aikinsa, ya raba musu gardama. Suka zagaya har Mayo Gwoi suka dawo. Rufus mai surutun tsiya ne, amma ranar sai gyara zaman hularsa yake ta yi.

"Yaya, Rufus?"

"Oga Manga, kai ne mai kunne. In ka ce babu, ai babu." Ya sauka da sauri, wai ya bar ruwa a wuta.

Wannan ladabin ya fi zagi ciwo. Manga ya zauna a motar, hannu a sitiyari, tsoro ya kama shi sosai. Shekara arba'in suna tare, Rufus bai taɓa bar masa gardama ba sai yau.

Asta ta fito da mayafinta, ta buɗe ƙofa ta zauna ba tare da an kira ta ba.

"Ja mu je. Kar ka saurara. Duk sanda ya yi, zan taɓa ka."

Suka tafi. Ramin farko, yatsanta ya sauka a gwiwarsa. Na biyu ma haka. Tsakanin ƙofar gida da bakin kwalta sau bakwai ta taɓa shi, shi kuwa bai ji ko ɗaya ba. A na takwas ya cire takalminsa na hagu ya dafa ƙasan motar da tafin ƙafa. Sai ga shi, ƙwas, daidai lokacin da yatsan ya sauka, a ƙarƙashin ƙafarsa, gefen da ya yi shekara talatin da ɗaya yana ba iska kunnensa.

Ya gangara gefen hanya ya kashe motar. Ya toshe kunnen dama da yatsa. Mashin ya wuce su, wata mai sayar da doya tana buɗe baki tana rufewa, duk kamar daga ƙarƙashin ruwa. Ya cire yatsan, gari ya dawo.

"Tun yaushe?" ya tambaya, bai dube ta ba.

"Tun sallar waccan shekara. Ko kafin nan."

"Kowa ya sani?"

"Rufus ya sani. Yaran ma."

"Ke kuma kika zuba mini ido ina faɗa wa mutane ciwon motarsu. Me ya hana ki faɗa mini?"

Asta ta gyara mayafi, ta kalli titi.

"Na faɗa maka, Malam. Sau biyu. Ina ta hagunka ne."

Da suka koma gida, ya durƙusa da ciwon bayansa ya jawo kwalin daga ƙarƙashin gado.